Tsakanin Zato da Yaƙini a Garejin Gyaran Mota

Daga cikin mas'alolin da malaman usulul fiƙhu, wato ilimin tushen hukunce-hukunce, suka daɗe suna tattaunawa akwai matsayin labarin da ya zo ta hanya guda, ko yana kai mai jinsa ga yaƙini ko kuwa iyakarsa rinjayen zato. Wannan mas'ala tana da wurin zama har a garejin gyaran mota, musamman a yankin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, inda tsofaffin motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da Pajero, suke ratsa duwatsun Roni da rairayin da ke dab da iyakar Nijar, domin a nan ma bakanike yakan karɓi labari daga na'ura, ya kuma yanke hukunci a kan dukiyar wani bisa wannan labari.

Na'urar auna gudu a irin waɗannan motoci galibi tana maƙale ne a jikin ƙaramin akwatin giyar da ke rarraba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya, inda wani ɗan giya na roba yake juya ta, ita kuma ta mayar da juyin ya zama bugun lantarki da ke bin waya zuwa mita, daga nan a yawancin Toyota ya wuce zuwa kwamfutar mota. Idan saƙon ya yanke, allurar mita takan kwanta ko ta riƙa rawa, lissafin kilomita ya tsaya, giya mai sarrafa kanta ta riƙa shiga da fizga, fitilar gargaɗi kuma ta kama. Motocin da ke bin tsarin OBD-II, wanda ya zama wajibi a Amurka daga 1996, sukan nuna lamba P0500, tsofaffin Toyota kuwa sukan ba da lamba 42 ta hanyar ƙiftawar fitila. Sai dai duk abin da lambar take faɗa shi ne saƙon gudu bai iso daidai ba, ba ta ambaci wanda ya ɓatar da shi a hanya ba.

A nan tarbiyyar malaman hadisi take da amfani, duk da cewa babu mai daidaita darajar hadisi da aikin ƙarfe. Sun kafa wani fanni da ake kira ilimin illoli, wanda manufarsa gano ɓoyayyen aibi a cikin ruwayar da zahirinta lafiyayye ne, kuma Aliyu bin al-Madini, wanda ya rasu a shekara ta 234 bayan Hijira, da Daraƙuɗuni, wanda ya rasu a 385, suna cikin jagororinsa. Hanyarsu ita ce bin isnadi, wato jerin masu ɗauko labari, mutum bayan mutum, kafin a ɗora laifi a kan ɗayansu. Bakanike mai bin wannan hanya yakan fara da duba fis, sannan ya zare soket ɗin na'urar ya ga ko laka da ruwan damina sun sa bakinsa ya yi kore da tsatsa, ya auna ko wutar bolt 12 tana isowa, ya tabbatar wayar ƙasa tana da haɗi, kana ya ɗaga motar a jak ya juya taya a hankali yana kallon ko wutar wayar saƙo tana hawa da sauka. Daga baya ya kwance na'urar ya duba haƙoran giyan roba ko sun cinye. Wani lokaci ma kowane sashe lafiyarsa ƙalau, an dai sanya wa motar tayoyin da suka fi na asali girma, shi ya sa mita take nuna gudu ƙasa da na gaskiya.

Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da bincikar labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da wasu cikin rashin sani, kuma cutarwar a nan tana faɗawa kan mai mota, wanda za a tura shi Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman wata na'ura alhali tasa ba ta lalace ba. Gaskiya ne shari'a ta halatta aiki da rinjayen zato a inda yaƙini ya gagara, amma a wannan aiki yaƙini yana kusa, domin ɗan abin awon wuta da haƙurin sa'a guda sun isa su samar da shi. Haka kuma mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka damƙa musu, abin da ke nuna nauyin amanar da ke wuyansu.

Saboda haka bakaniken da ya canza na'ura bisa zato alhali yana da ikon gwadawa ya yi sakaci da amana, ko da zaton nasa ya dace. Wajibinsa ya gwada kafin ya yi hukunci, idan kuma gwajin ya fi ƙarfinsa ya faɗa wa mai mota gaskiya, ya tura shi wurin mai wayarin da ya fi shi sani.