Kwando Goma Sha Biyu

Karatu: Yohanna 6:1-13, Ezekiyel 34:17-22

A wannan wata muna so mu yi magana a kan abin da ba a saba jinsa cikin wa'azi ba, watau shara da bola da ruwan kwata. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan Bishara da juji? A yi haƙuri a karanta tukuna.

Kwanakin baya wani ɗan'uwa ya zo wurinmu bayan sujadar yamma. Yana aiki a wani gidan jima a Challawa, shekararsa shida ke nan. Ya jira har kowa ya watse, kana ya ce, "Pasto, akwai abin da ya ke damuna. Aikina shi ne buɗe bututun da ruwan jima ke fita, an kuwa umurce ni kada in buɗe sai dare ya yi. Ran Asabar na bi ruwan da ƙafa don in ga inda ya ke zuwa. Na tarar da wani tsoho yana ban ruwan lambunsa da shi, jikokinsa suna wasa a bakin rafin. Tun daga ran nan ban yi barcin kirki ba. 'Ya'yana biyar, ba ni da wani aiki. Zunubi na ke yi, ko kuwa laifin na maigida ne?"

Ba mu ba shi amsa nan da nan ba. Muka yi addu'a tare, muka ce ya dawo bayan mako guda. Abin da muka samu cikin Maganar Allah a makon nan shi ne mu ke kawo muku da yardarsa, gama tambayar ta shafe mu duka.

Ubangiji ba ya son ɓarna

Kun san labarin yaron nan mai dunƙulen gurasa biyar da kifi biyu, da yadda Yesu ya ciyar da maza wajen 5,000 da su. Mu kan tsaya a kan al'ajibin, mu manta da abin da ya biyo baya. Sa'anda kowa ya ƙoshi, Ubangiji ya sa almajiransa su bi wurin su tsince ragowar, domin kada kome ya lalace. Suka cika kwando 12. Ku lura, wanda ya ke da iko ya yi sabuwar gurasa kashegari ba tare da wahala ba, shi ne ya kula da gutsuren da ya faɗi cikin ciyawa. Ku lura kuma da waɗanda aka sa aikin. Bitrus ne da Andarawus da Yohanna suka sunkuya da kwando a hannu, manzannin da daga baya suka kai Bishara ga al'ummai.

Haka abin ya ke tun farko. Cikin Farawa sura 2 an sa Adamu a gona da aiki biyu, ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Cikin Kubawar Shari'a sura 23 an umurci Isra'ilawa su keɓe wuri bayan zango, ko wane mutum ya riƙe abin tono ya rufe ƙazantarsa. Dalilin da aka ba su shi ne, Allah da kansa yana tafiya a tsakiyar zangon. Ashe tsabtar gari ba zancen duba-gari kaɗai ba ne.

Yadda kakanninmu suka yi

Mutanen Kano na dā sun san wannan hikima ko da ba su karanta Yohanna ba. Da rani jakuna su kan shigo birni da itace, su fita da mangala cike da toka da shara da kashin awaki, a zuba a gonaki ya zama taki. Saboda haka gonakin kewayen birni suka yi ta ba da gero da dawa shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. A marinar Ƙofar Mata, katsin da ya kwanta a gindin rijiyar baba ba a zubarwa, a kan yi laso da shi a yi shafe. Majema suna jima da bagaruwa, fatarsu ta ƙetare hamada har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Daga baya da kayan Turawa suka zo, maƙera suka mai da gwangwani ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tif ya zama guga.

Sharar wancan zamani tana ruɓewa ta koma ƙasa. Tamu ta yau ba haka ta ke ba. Leda ba ta ruɓewa, akuya ta ci ta mutu, manomi ya kai takin birni gonarsa ya tarar rabinsa leda ne da fasassun kwalabe da matattun batura.

Inda ruwan ya ke zuwa

Bompai ita ce unguwar masana'antu ta fari a Kano, tun zamanin Turawa. Sharada da Challawa suka biyo baya cikin shekarun 1970. Kada wani ya ce muna zagin masana'antu. Da yawa cikinmu daga can su ke ciyar da iyali, su biya kuɗin makaranta, su kawo baiko ran Lahadi. Amma ko wane gidan aiki yana da ƙofa biyu, ta gaba inda kaya ke fita zuwa kasuwa, da ta baya inda dattin ke fita. Ta bayan nan ce mu ke magana a kanta.

Ruwan Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai wajen Minjibir, inda masunta ke kama kifi. Na Sharada yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, inda na masana'antun Challawa ma ke zuba. Kogin Challawa kuwa yana gamuwa da kogin Kano wajen Tamburawa, inda akwai matatar ruwan famfo, daga nan ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja. A bakin waɗannan rafuffuka masu lambu suna shuka latas da kabeji da karas da alayyafo, su kawo kasuwa mu saya.

Jimar zamani ba da bagaruwa a ke yinta ba. A kan cire gashi da farar ƙasa da wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kana a jeme fatar da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam, domin yana gama aikin da sauri. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Ya kan kwanta cikin laka, ya shiga ƙasar lambu, ya shiga ganye da kifi. Malaman Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan nan da ƙasar nan, sun tarar da shi a ciki. Irin wannan cuta ba ta kayar da mutum rana ɗaya, shi ya sa a ke raina ta. Amma mu tuna da Zamfara a shekarar 2010, sa'anda gubar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyayensu ba mugaye ba ne, abinci su ke nema, ba su kuwa san abin da ke cikin ƙurar ba.

Annabi Ezekiyel ya yi magana a kan tumaki masu ƙarfi, waɗanda su kan sha ruwa mai kyau su ƙoshi, sa'an nan su dama sauran da ƙafafunsu, raunana su zo su sha gurɓatacce. Ubangiji ya ce shi da kansa zai shara'anta tsakanin mai ƙiba da ramammiya. Tsohon nan mai lambu bai san sunan mai gidan jimar ba, mai gidan jimar bai san nasa ba, amma ruwa ya mai da su maƙwabta. Dokar ƙaunar maƙwabci tana bin rafi har inda ya tsaya.

Namu laifin

Kada mu nuna masu kuɗi da yatsa mu manta da kanmu. Wace ce cikinmu ba ta taɓa aiken yaro da kwandon shara ya juye a kwata sa'anda hadari ya taso ba, wai ruwa zai tafi da ita? Ina zai kai ta? Ƙofar gidan wani. Kwatoci sun toshe da leda, kududdufan da dā ke shanye ruwan sama an cike su da shara an yi gini a kai. Watan Agusta ya zo, ruwa ya shiga ɗakuna, katanga ta faɗi, sauro ya yi yawa, amai da gudawa ya ɗauki yara. Sai mu taru gidan makoki mu ce haka Allah ya so. Mu ji tsoron ɗora wa Allah abin da hannunmu ya yi.

Har a filin majami'a abin kunya ne. Bayan babban taro, ku duba ƙasa, fari fat da ledar ruwa. Mun ci, mun sha, mun raira waƙa, mun tafi mun bar wa maƙwabtanmu Musulmi shara iska tana kai musu gida. Wace irin shaida ce wannan?

Masu kwando na zamaninmu

Akwai waɗanda su ke yin aikin almajiran nan ko wace rana, watau 'yan bola jari. Yaro ya ɗauki buhu tun asuba, yana tsintar roba da ƙarfe da gwangwani, ya kai wa dila a auna a sikeli. Robar a wanke a niƙa, a kai masana'antun Sharada da Bompai, ta komo kasuwa ta zama buta da bokiti da silifa. Gwangwanin a narka a zuba tukwane. Ba domin su ba, da bolar Kano ta fi haka tsawo. Duk da haka mu kan kore su kamar karnuka. Gaskiya ne akwai ɓarayi cikinsu, mai bi kuwa ba zai sayi waya ko murfin kwata da ya san na sata ne ba. Amma yawancinsu marayu ne da 'ya'yan talakawa masu gudun bara. Cikin Nehemiya sura 3, wanda ya gyara Ƙofar Juji ta Urushalima hakimi ne, sunansa Malkiya, an kuwa rubuta sunansa daidai da na masu gyaran sauran ƙofofi.

Abin da za mu yi

Na fari, ko wane gida ya raba shararsa. Toka da ɓawo da ragowar abinci wuri guda don taki, roba da ƙarfe wuri guda don mai tsinta. Reza da allura da fasasshiyar kwalba a nannaɗe su dabam, domin yaran nan da hannu su ke tono.

Na biyu, kada a zuba shara a kwata, kada kuma a ƙone leda ko taya kusa da yara, gama hayaƙin guba ne. A kai inda motocin hukumar REMASAB ke kwashewa. In sun yi jinkiri, dattawa su tafi tare da mai unguwa su yi magana.

Na uku, ba ko wane abu a ke mai da shi ga aiki ba. Duro ko jarkar da aka kawo maganin masana'anta a ciki, kada a zuba ruwan sha ko man gyaɗa a ciki, ko an wanke ta sau goma.

Na huɗu, mata su tafi kasuwa da kwando ko jaka kamar yadda iyayenmu suka yi. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sawu a 2017, ba wanda ya kwana da yunwa saboda haka.

Na biyar, ran Asabar ta ƙarshen wata, ranar tsabtar gari, samarin Ekklesiya su riga kowa fitowa da shebur, su fara da kwatar maƙwabci kafin tamu. Ba kuma za a rufe taro da addu'a ba sai an tsince filin.

Amsar da muka ba ɗan'uwanmu

Da ya dawo muka ce masa, babban alhaki yana kan wanda ya ba da umurni, amma hannun da ya buɗe bututun nasa ne, yanzu kuwa ya sani. Abin da a ke jira sai dare a yi, mai yinsa ya san ba daidai ba ne. Muka shawarce shi ya sami abokan aiki biyu ko uku su tafi wurin manaja da rana, da ladabi, su faɗi abin da ya gani, su roƙa a riƙa tace ruwan kafin a sake shi. In an ƙi, akwai doka. Tun sa'anda aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988 gwamnati ta kafa dokar hana irin wannan, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin ta tsare dokokin nan. Kai ƙara wurinta ba cin amana ba ne.

Amma ba daidai ba ne mu tura mutum cikin wuta mu koma gefe muna yi masa addu'a. Dattawan Ekklesiya suka zauna suka yarda, in aka kore shi za a ɗauki abincin gidansa da kuɗin makarantar yaransa har wata uku.

Ya tafi ya yi magana. Ba a kore shi ba, an mai da shi wajen ɗaukar fatu, albashinsa ya ragu. Bututun kuwa an ba wani, har yanzu ana buɗewa. Ba za mu ce muku rafin ya tsarkaka ba. Sai dai ɗan'uwanmu yana barci yanzu, mutum uku kuma a gidan aikin nan sun san inda ruwan ya ke zuwa. Masu bi nawa ne ke aiki a Sharada da Challawa da Bompai? Wasunku ma su ne manajoji da masu riƙe da littafin kuɗi. Ku ne za ku ba da amsa.

Mu kanmu abin yarwa ne dā. Irmiya ya ga maginin tukwane, tukunya ta lalace a hannunsa, bai jefar da yumɓun ba, ya sāke gina wata da shi. Haka Almasihu ya tsince mu daga juji ya mai da mu kayan aikinsa. Wanda aka yi wa wannan alheri ba zai raina abin da Allah ya halitta ba, ko ruwa, ko ƙasa, ko yaro mai buhu.

Ya Ubanmu, ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa ƙasarka da maƙwabtanmu. Ka ba 'ya'yanka da ke cikin masana'antu ƙarfin hali, ka ba Ekklesiyarka zuciyar tsayawa tare da su. Cikin sunan Yesu. Amin.