Kwaɗin Mustafa Alasan da Layukan McLaren

Shin dole ne zane mai motsi ya ba da labari kafin ya ci sunansa? Yawancinmu katun muka sani, wanda kyanwa ke bin ɓera, don haka tambayar sai ta yi kama da wasa. Amma akwai masu zane da suka ce labari takunkumi ne, a bar launi da layi su yi rawarsu ba jarumi ba mugu.

Babban malaminsu shi ne Norman McLaren, ɗan Sikotilan da ya yi aiki a hukumar finafinai ta ƙasar Kanada. A 1949 shi da Evelyn Lambart suka fitar da Begone Dull Care. Ba su ɗauki hoton kowa ba. Fenti suka shafa a jikin zaren fim ɗin, suka kankare shi, layuka da ɗige-ɗige na tsalle bisa kiɗan Oscar Peterson. In an tambaye ka me ya faru a ciki, ba ka da amsa.

Wajen wannan mutumin ne wani ɗan Nijar, Mustafa Alasan, haifaffen N'Dounga a 1942, ya je ƙaro ilmin zane mai motsi a Montreal. Ya dawo gida, a 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim a kan shugaban jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa: jirgi, faretin soja, ƴan rakiya, kowa na kumbura wuya. A lokacin jam'iyya ɗaya ce ke mulkin Nijar ƙarƙashin Diori Hamani, an haramta Sawaba tun 1959. A shekarar ce kuma soja suka kifar da gwamnati a Nijeriya da Gana da Haute-Volta.

Me ya sa ɗalibi ya karɓi alƙalamin malami ya bar hanyarsa? Wasu za su ce ai mutanenmu ba sa gane zanen da ba labari. Ban yarda ba. Wa ya taɓa tambayar aska takwas ta wuyan babbar riga labarin da take bayarwa? Dagin da ke bangon gidajen Zariya da Kano, lallen amarya, adon jakar fata da Buzaye ke sayarwa a kasuwar Tamanrasset, duk mun iya kallonsu mu ce wannan ya yi, wancan bai yi ba. Idonmu ya daɗe da sanin daɗin siffa zalla.

Abin da nake gani shi ne, Alasan yana da wanda yake son nunawa da yatsa, kuma layi ba ya iya ɗaukar laifi. Kafin a ce an yi zalunci ko an yi almubazzaranci, sai an sami wanda ya yi da wanda aka yi wa, da abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Da zarar an haɗa waɗannan kuwa, labari ya samu. Kwaɗo ya ba shi irin rigar da Gizo ke ba mai tatsuniya: kowa ya gane da wa ake, amma ba a kama sunan kowa ba.

McLaren kansa shaida ne. Ya yi aiki da UNESCO a ƙasar Sin a 1949, ya dawo, yaƙin Koriya ya ɓarke. Da ya so yin magana a kan yaƙi, sai ya ajiye ɗige-ɗigensa ya yi Neighbours a 1952: maƙwabta biyu, fure ɗaya ya tsiro a kan iyakarsu, suka kashe juna a kansa. Fim ɗin ya ci Oscar.

Sai dai wannan ƙarfin na labari shi ne haɗarinsa. Mai labari ne ke zaɓar inda za a fara, kuma duk wanda ya taɓa zaman sulhu ya san inda aka fara ba da labarin faɗa shi ke nuna mai laifi. Farfagandar yaƙi ma da katun aka yi ta, da jarumi da mugu, aka koya wa yara ƙin mutanen da ba su taɓa gani ba. Layukan McLaren ba za su iya yi wa kowa ƙazafi ba. Suna barin mai kallo da idonsa da kunnensa na ƴan mintoci, ba wanda ke jan hancinsa zuwa wani hukunci. A zamanin da kowane ɗan bidiyo a waya ke neman ka fusata kafin ya ƙare, wannan hutun ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake hutu ne da ya fi sauƙi ga wanda ba a taka ba.

Alasan ya zauna a Tawa, a ƙasar Adar, yana ta aikinsa da ƴan kayan da hannunsa ya kai. Ya yi Samba le grand da ƴartsana a 1977, daga baya ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawar gargajiya a fage, kwaɗin nan nasa na ciki. Ya rasu a Wagadugu a 2015.