Nasiha Ga Mai Shirin Ziyartar Majami'un Roma

A 'yan shekarun nan 'ya'yanmu da yawa suna samun hanyar zuwa Turai, wani karatu, wani kasuwanci, wani taro, wani kuma ziyarar ibada. Wanda duk ya taka ƙasar Italiya da wuya ya dawo bai biya ta birnin Roma ba, wanda kuwa ya shiga Roma sai masu shirya yawon buɗe ido sun kai shi manyan majami'un Katolika. To, ko kai Kirista ne da ya ɗaura niyyar ibada, ko Musulmi da son tarihi ya ja shi, zauna ka saurare ni kafin ka ɗaure kaya. Magana ɗaya nake so ta zauna maka a rai: wurin da kamfanin yawo ya rubuta maka a jerin abubuwan kallo, ɗakin ibadar wasu bayin Allah ne, kuma da wannan sanin za ka shige shi.

Ka fara da sanin inda za ka, domin baƙo ko da ido makaho ne. Batikan ƙasa ce mai cin gashin kanta a cikin birnin Roma, ita ce mafi ƙanƙanta a duniya, faɗinta bai kai rabin murabba'in kilomita ba. Yarjejeniyar Lateran ta 1929 tsakanin fadar Paparoma da gwamnatin Italiya ita ta ba ta wannan matsayi. Babban ginin da kowa ke tururuwar gani shi ne Majami'ar Waliyyi Bitrus. Katolika sun riƙe cewa Bitrus, babba a cikin almajiran Yesu Almasihu, an kashe shi a Roma a zamanin Sarki Nero, aka binne shi a wannan tudu. A ƙarni na 4 Sarki Konstantin ya gina majami'a a kan kabarin. Ginin da ke tsaye yau an aza harsashinsa a 1506, ba a buɗe shi don ibada ba sai 1626. Shekara 120 ke nan. Magina sun yi ta mutuwa suna barin aikin ga na baya. Mikelanjelo ya tsara ƙubbar, Bernini ya kewaye dandalin da ginshiƙai 284, dogon dutsen da ke tsakiyar dandalin kuwa daga Masar aka kawo shi tun zamanin sarakunan Roma, aka kafa shi a nan a 1586. Babban bagaden majami'ar yana daidai saman wurin da ake ɗauka kabarin Bitrus ne, a ƙarƙashin daɓen kuma akwai kaburburan Paparomomi masu yawa. Saboda haka, ɗana, in ka shiga, ka san a kan maƙabarta kake tafiya, ka kuma san yadda aka koya maka tafiya a maƙabarta.

Sai tufafi. Doka ce a rufe kafaɗu da gwiwoyi, namiji da mace, kuma masu gadi suna mayar da wanda ya saɓa ko da ya daɗe a layi. Wannan ba zai yi maka wuya ba. Kaftani da babbar riga da atamfa da mayafi duk sun wadatar. Inda al'ada ta bambanta shi ne hula da takalmi. A wurinmu hula cikar kamalar namiji ce, takalmi kuma shi ake tuɓewa a bakin ƙofa. A cocin Turai namiji hularsa yake cirewa don girmamawa, ya shiga da takalminsa, mace kuma ba mai taɓa ɗankwalinta. Idan mai gadi ya yi maka alama da ka cire hula, cire ta ka riƙe a hannu ba musu. Mutuncinka ba ya raguwa don ka bi tsarin masu gida.

Da ka shiga, rage murya, ka kashe ƙarar wayarka. Majami'un nan ba gidajen tarihi ba ne da aka daina amfani da su. Kullum ana ibada a cikinsu. In ka tarar Fada yana jagorantar sujada, kada ka ratsa tsakanin bagade da masu ibada. Ko ka zauna a baya ka yi shiru, ko ka kewaye ta gefe. A cikin Majami'ar Bitrus akwai ɗakin da aka keɓe don addu'a kaɗai, da ɓangaren da mutane ke zuwa furta zunubansu ga Fada; ba wurin leƙe ba ne, ba kuma wurin kasa kunne ba. Babu wanda zai tilasta maka durƙusawa ko yin alamar gicciye, kai ma kada ka kwaikwayi abin da ba ka yi imani da shi ba don wasa. Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne Jibin Ubangiji. Idan ka ga mutane sun yi layi suna karɓar ɗan gurasa daga hannun Fada, in kai ba ɗan Katolika ba ne, zauna a inda kake. Wannan shi ne abu mafi tsarki a wurinsu, kuma 'yan ɗarikarsu da suka shirya masa kaɗai ke karɓa. Shiga layin don son sani cin zarafi ne, ko da ba ka yi nufi ba.

Hoto kuma, ɗana, shi ne jarrabawar zamaninku. A ɗakin ibada na Sistina, wanda Mikelanjelo ya zana rufinsa tsakanin 1508 da 1512, an hana ɗaukar hoto, an kuma hana surutu. A nan ne Kardinal-Kardinal ke kulle kansu su zaɓi Paparoma, kamar yadda suka zaɓi Paparoma Leo na 14 a watan Mayun 2025. Za ka ga wasu suna satar ɗauka ta ƙarƙashin riga. Kada ka zama cikinsu. Kusa da Majami'ar Yohanna ta Lateran, wadda ita ce ainihin kujerar Paparoma a matsayinsa na Bishop na Roma, akwai matakala mai hawa 28 da Katolika ke hawa da gwiwoyi, don sun riƙe cewa ita ce Almasihu ya taka a fadar Bilatus a Urushalima. Za ka ga tsofaffi suna hawa suna hawaye. Akwai wasu matakalai a gefe don mai son hawa da ƙafa. Bi ta can. Ka tambayi kanka yadda za ka ji in baƙo ya kafa wa mahaifiyarka kyamara a fuska tana tsakiyar kai kukanta ga Ubangiji, sa'an nan ya watsa a intanet. Abin da ba ka so a yi mata, kada ka yi wa uwar wani. Kada kuma ka taɓa zane ko sassaƙa, kada ka rubuta sunanka a bango. Sassaƙar nan ta Maryamu riƙe da gawar ɗanta, wadda Mikelanjelo ya gama a 1499, a bayan gilashi take yau saboda wani ya far mata da guduma a 1972. Ɓarnar mutum ɗaya ta sa duk duniya ke kallonta daga nesa.

Yanzu ga kai ɗana Musulmi. Za ka ga siffofi da zane-zanen annabawa da waliyyai waɗanda addininka bai yarda da yin su ba. Riƙe aƙidarka a zuciya, ka riƙe harshenka a baki. Ba muƙabala ta kai ka ba, kuma kada ka sake da cewa ba mai jin Hausa a wurin. Akwai Fadoci da Sistoci da ɗalibai 'yan Najeriya da yawa a Roma, wasunsu a Kaduna ko Jos ko Yola suka tashi. In lokacin salla ya yi, kada ka shimfiɗa darduma a cikin coci. Malaman tarihi sun kawo cewa da Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya karɓi birnin Ƙudus, an gayyace shi ya yi salla a cikin babbar majami'ar Kiristoci, ya ƙi, ya fita waje ya yi, don gudun kada na baya su kafa hujja da shi su ƙwace musu wurin. Wannan shi ne ladabin da ka gada. Roma tana da babban masallaci da aka buɗe a 1995, yana cikin mafiya girma a Turai. Tsara tafiyarka yadda za ka same shi, ko ka koma masaukinka.

In hanya ta kai ka Asisi, garin Waliyyi Faransis da ke kan tudu a tsakiyar Italiya, ka tuna abin da ya faru a 1219. Ana tsakiyar yaƙin 'yan Salibiyya a Dimyat ta ƙasar Masar, Faransis ya ƙetare sansani ba makami ya je wurin Sultan Malik al-Kamil. Sarkin ya karɓe shi, ya saurare shi, ya sallame shi lafiya. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu, babu kuma wanda ya wulaƙanta ɗan'uwansa. A Asisi ne Paparoma John Paul na 2 ya tara shugabannin addinai a 1986 don addu'ar zaman lafiya. Shi ne kuma ya zo Kaduna a 1982, kuma ɗan ƙasarmu, Kardinal Francis Arinze, ya shafe shekaru yana shugabantar ofishin Batikan mai kula da hulɗa da sauran addinai. Mu da muka ga abin da rikicin addini ya yi wa garuruwanmu, mu ya fi kamata mu tsaya a Asisi mu yi dogon tunani.

Kai kuma ɗana Kirista da ka je ibada, kada kasuwa ta cinye maka ziyara. Titunan da ke kewaye da Batikan cike suke da shagunan carbi da zobe da jaka da takalma, kuma na san 'yan'uwa na jiran tsaraba. Amma ba don tsaraba ka tara kuɗin nan ba. Manyan majami'un Roma huɗu ne: ta Bitrus, ta Yohanna, ta Bulus da ke bayan ganuwa, da ta Maryamu inda aka binne Paparoma Faransis a 2025. Kowace tana da Ƙofa Mai Tsarki da ake buɗewa a shekarar Jubili, wadda aka fara yi a 1300, yanzu kuma takan zo duk bayan shekara 25. Kada ka bi su a guje don a ce ka je duka. Gara ka zauna a guda ka yi addu'a da natsuwa da ka zaga goma ba ka tuna komai ba. Ka sauka cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa da ke kan tsohuwar hanyar Appiya, inda Kiristocin farko suka binne mamatansu, ka ga yadda aka riƙe bangaskiya kafin a yi ƙubba da zinariya. Kada kuma ka shiga da sunkuyar da kai kamar Afirka ba ta da rabo a tarihin nan. Waliyyi Agustin a Hippo ya yi aikin Bishop, wato Annaba ta Aljeriya a yau. Josephine Bakhita 'yar Darfur ce da aka sace tana ƙarama aka sayar baiwa, ta rasu a Italiya a 1947, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. In tafiyar ta zarce zuwa Lurd, wurin ziyarar Katolika a Faransa, za ka ga marasa lafiya a kan keken guragu su ake sa wa gaba. Ba su hanya, in da hali ka taya turawa. Wannan ma ibada ce.

Akwai kuma sha'anin duniya da ba zan bari ba. Shiga Majami'ar Bitrus kyauta ne, layin bincike kawai za ka bi. Takardar halartar zaman da Paparoma ke yi da jama'a ranar Laraba ita ma kyauta ce. Wanda ya ce zai sayar maka da ita, cutarka zai yi. Gidajen tarihin Batikan ne ake biya, kuma ka sayi tikitinsu ta hanyar hukuma. Inda cunkoso yake, a bas da jirgin ƙasa da bakin dandali, akwai 'yan sane. Ka adana fasfo da kuɗi a jikinka, kada a aljihun baya. Ka kiyaye lokacin da jagoran tafiya ya sa, kada mota ta tsaya da tsofaffi a rana saboda kai.

Mafi nauyi a cikinsu, ɗana: ka dawo. Bizar ziyara amana ce. Duk wanda ya shiga ayarin masu ibada da niyyar sulalewa ya ɓace a Turai, ya yi ƙarya da sunan Allah, ya jefa kansa a rayuwar ɓuya, ya kuma rufe ƙofa ga dattijon da ya shekara yana tara kuɗi don ya je ya yi addu'a. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Da fasfonka ake auna mutanen ƙasarka gaba ɗaya.

In ka dawo gida, ka faɗi abin da ka gani da gaskiya, ba ƙari ba ragi, ba kuma izgili. Ƙannenka daga bakinka za su koyi yadda ake maganar addinin maƙwabci, kuma maƙwabcin nan tare za ku ci gaba da zama a unguwa ɗaya da kasuwa ɗaya. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya, ya sa ka ƙaru da abin da za ka gani, ya dawo mana da kai cikin mutunci. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.