Gwani Cikin 'Yan Koyo: Asara Ce Ko Hakki?

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada da nake so mai karatu ya taya ni dubawa. Mutanen gari ko na unguwa, da akawu da malamar makaranta da mai kanti da tsoho ɗan fansho, sukan taru dare ɗaya a mako a wani zaure domin su koyi rera waƙa tare. Ba a biyansu ko anini, sau da yawa ma su ke haɗa kuɗin hayar zauren. Waƙar tasu ba irin tamu ba ce ta jagora da 'yan amshi. Akan raba su murya huɗu, biyu na mata, biyu na maza, kowace murya da hanyar da take bi, amma tilas su haɗu su zama abu guda a kunnen mai sauraro.

Wanda yake tsayawa gabansu yana kaɗa hannu kuwa, galibi mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen koyon kiɗan nan nasu na masana, wanda ake rubutawa a takarda. Tun yana yaro ake zaunar da shi gaban fiyano ko a riƙa masa goge, kullum sai ya yi sa'o'i yana maimaita abu ɗaya. Daga nan ya shiga kwalejin kiɗa ya yi shekara uku ko huɗu, a horar da kunnensa har ya zama cikin mutum hamsin yana iya nuna wanda muryarsa ta kauce. Burinsa duka shi ne babban dandali. To amma kujerun manyan ƙungiyoyin makaɗa kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa, saboda haka akasarinsu koyarwa suke komawa, ko jagorancin irin waɗannan mawaƙa na unguwa. Tambayata ita ce: shin asara aka yi? In kuma ba asara ba ce, mene ne hakkin waɗannan 'yan koyo a kan gwanin, kuma mene ne hakkin gwanintar a kansa?

Bari mu ɗauki misalin Gustav Holst, mutumin Ingila, wanda aka haifa a 1874. Ya shiga babbar kwalejin kiɗa ta masarauta da ke Landan a 1893. Ciwon jijiya a hannunsa na dama ya hana shi zama gwanin fiyano kamar yadda aka so, sai ya koma busa turombon, wani irin kakaki mai zugewa, yana bin ƙungiyoyin makaɗa domin ya sami na tuwo. Tun yana ɗalibi ya jagoranci mawaƙan wata ƙungiyar 'yan gurguzu a unguwar Hammersmith, a nan ma ya haɗu da matar da ya aura. A 1905 ya kama koyarwa a makarantar 'yan mata ta St Paul, inda ya zauna har rasuwarsa a 1934. A 1907 kuma aka ba shi sashen kiɗa na Kwalejin Morley, wadda aka kafa domin ma'aikata maza da mata masu zuwa karatu bayan sun tashi daga aiki. Ya riƙe wannan har 1924.

Mai cewa asara ce yana da hujja, kuma bai kamata mu raina ta ba. Shahararren aikin Holst, wato The Planets, wanda ya fara a 1914 aka fara kaɗa shi a 1918, a ƙarshen mako da lokacin hutun makaranta ya rubuta shi, domin sauran ranakun na ɗalibai ne. Mutum ne kuma marar ƙoshin lafiya, bai cika shekara 60 ba ya rasu. Wa ya san abin da zai bari da an sakar masa lokacinsa? Gyaran muryar akawu mutum dubu za su iya, amma wancan aiki shi kaɗai ne zai iya.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, ai taimako ne, sadaka ce, gwani ya sauko ya ji ƙan na ƙasa. Ni wannan amsa ba ta gamshe ni ba, har ma ina ganin akwai raini a cikinta. Mai ba da sadaka shi yake yanke abin da ya isa mai karɓa. Gwanin da ya zo da wannan zuciya zai ce a ransa, ai waɗannan ba za su iya ba, bari in ba su 'yan waƙoƙi masu sauƙi su yi nishaɗi su koma gida. Zai ji kuskure ya yi murmushi ya wuce. Kowa zai so shi, amma ya cuce su, domin abin da suka zo nema wurinsa, wato kunnen nan da aka horar, shi ne ya ɓoye musu.

Holst bai yi haka ba. Da ya isa Morley ya tarar ba a ɗauki kiɗa da wani muhimmanci ba, sai ya tsananta, har ɗalibai da yawa suka gudu. Bai sassauta ba. Sannu a hankali waɗansu suka zo, aji ya sake cika. A 1911 waɗannan ma'aikata suka gabatar da The Fairy Queen na Henry Purcell, aikin da cikakken rubutunsa ya ɓace bayan rasuwar mai shi a 1695, ba a daɗe da gano shi ba. Tun da ba a buga takardun da kowane mawaƙi da makaɗi zai riƙe ba, sai ɗalibai 28 suka zauna suka kwafe su da hannu, shafi 1,500, cikin kusan wata 18, a ɗan lokacin da ya rage musu bayan aiki. Ku duba fa, manyan gidajen kiɗa na Landan suna nan da kuɗinsu da ƙwararrunsu, amma masu karatun dare ne suka tayar da wannan aiki bayan shekara fiye da 200. Wanda ake yi wa sadaka ba ya kwafe shafi 1,500. Wanda aka ɗauke shi abokin aiki ne yake yi.

Wani zai ce, ai Holst talauci ne ya kai shi, ba zaɓi ba. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ya dace mu dubi amininsa Ralph Vaughan Williams, wanda suka haɗu a kwaleji a 1895. Shi ɗan gidan wadata ne, ba ya bukatar albashin kowa. Bayan Landan da Kambirij ya je Balin ya yi karatu wurin Max Bruch, ya je Faris wurin Maurice Ravel. Duk da haka, da 'yar'uwarsa Margaret da wata ƙawarta suka kafa bikin waƙa na Leith Hill a 1905 domin mawaƙan ƙauyukan da ke kewaye da garin Dorking, shi ya zama jagoransu, bai sauka ba sai 1953. Shekara 48 ke nan. Kuma bai tsaya ba su abu mai sauƙi ba: a 1931 ya ɗora su kan St Matthew Passion na Bach, ɗaya daga cikin ayyuka mafi nauyi a wannan fanni. Mutumin da ba yunwa ta kai shi ba, ba kuma neman suna ba, tunda yana da shi, lalle akwai abin da yake samu a wurin.

A ganina abin da yake samu shi ne wannan: ƙwararru sukan rufa wa marubucin kiɗa asiri, 'yan koyo kuwa sukan tona. In ka rubuta abu mai sarƙaƙiya ba gaira ba dalili, ƙwararre zai rera maka shi daidai domin sana'arsa ce. Matar manomi kuwa za ta tsaya cak, kuma tsayawar tata tambaya ce: wannan wahala ta mece ce? Duk wanda ya taɓa komawa gida hutu ya yi ƙoƙarin bayyana wa kawunsa abin da yake karantawa a jami'a ya san wannan tsayawa. Nan take za ka gane ko ka fahimci abin, ko kuwa haddar kalmomin malaminka kawai ka yi. Saboda haka ban yarda cewa Holst ya yi The Planets duk da koyarwa ba ne kurum. Mai yiwuwa koyarwar tana cikin abin da ya wanke masa alƙalami. Wani sanannen aikinsa ma, St Paul's Suite, domin 'yan matan makarantarsa ya rubuta shi.

Sai dai akwai wurin da maganar ta fi ƙarfina, kuma gara in faɗa. Ƙungiyar mawaƙan unguwa ba domin kiɗa kaɗai take ba. Akwai gwauron da daren nan ne kaɗai yake zama cikin mutane a mako. Akwai tsohuwar da ta shekara 30 tana zuwa, yanzu muryarta tana rawa, tana jan na kusa da ita su kauce. Kwaleji ta koya wa jagoran yadda zai ji ta cikin mutum hamsin, amma ba ta koya masa abin da zai yi bayan ya ji ba. In ya yi shiru, ya ci amanar sauran 49 da suka yi wata uku suna wahala. In ya ce ta riƙa motsa baki kawai, ko ta zauna a gida, ya raba ta da abin da ya fi waƙar daraja a wurinta. Waɗansu jagororin sukan gwada muryar kowa kafin su karɓe shi, waɗansu kuma ƙofarsu a buɗe take ga duk wanda ya zo, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai fahimci aikin ba.

Na yabi Holst domin bai sassauta ba, kuma ban janye ba. Amma labarin Morley kamar yadda ake ba da shi labarin waɗanda suka tsaya ne, su 28 da alƙalumansu. Waɗanda suka gudu a farkon zuwansa su ma ma'aikata ne, su ma sun taso daga aiki a gajiye sun zo domin su rera waƙa, sai suka tarar da malamin da ya fi ƙarfinsu, suka koma gida.