Kyanwar da Ba Ta da Ubangida

Mai karatu, ga tambaya: idan kyanwowi sun yi yawa cikin birni, ba mai su, suna kwana a kango suna ci a juji, me ya wajaba mutum ya yi da su?

Waɗansu za su ce, a kashe su a huta. Amma hutun ba ya daɗewa. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'yarta kuma tana ɗaukar ciki tun tana da wata biyar ko shida. Muddin jujin yana nan, in an kashe na wannan lungu, na wancan lungu sai su ƙauro su maye gurbi.

Mutanen Italiya sun bi wata hanya. A shekara ta 1991 suka kafa doka mai lamba 281, wadda ta hana kashe kyanwowin titi, sai fa mai ciwon da ba ya warkewa. Sai dai a kama su da tarko, likitan dabbobi ya yi musu allurar barci, ya fiɗiye muzuru, ya cire wa macen mahaifa, ya ɗan yanke bakin kunne ɗaya domin shaida, sa'an nan a mayar da kowace inda aka ɗauko ta. A birnin Roma akwai wani kango, Torre Argentina, inda aka kashe Yuliyas Kaisar shekara 44 kafin haihuwar Almasihu. Masu aikin sa kai suna kula da kyanwowin wurin a kan wannan ƙa'ida.

A ganina akwai adalci a nan.  Gama mutum ne ya riƙe kyanwa tun zamanin da, domin ta tsare masa rumbu daga ɓera. Wanda ya ci moriyarta, in ya yar da ita sa'an nan ya kashe ta domin tana yawo, ya hukunta ta a kan laifin da shi ya yi.

Amma fa kada mu yi saurin tafi, domin akwai mai ƙara na uku, watau tsuntsu. Kyanwar da aka fiɗiye ta daina haihuwa, ba ta daina farauta ba. Wani binciken da aka buga a 2013 ya ƙiyasta kyanwowi suna kashe tsuntsaye fiye da biliyan 1 kowace shekara a Amurka. A Ostireliya, inda ƙananan namun daji ba su taɓa sanin kyanwa ba sai da Turawa suka kai ta, gwamnati ta ƙudura a 2015 za ta kashe miliyan 2. Mai tausayin da ya mayar da kyanwa irin wannan daji, tausayinsa ya tsaya ga mai kuka a ƙofarsa kaɗai. Saboda haka abin da ya dace da kangon birni, lalle bai dace da tsibirin da tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa ba.

Ko a birnin ma aikin yana da wuya. Daga 1991 zuwa 2000 an fiɗiye kyanwowi kusan 8,000 a Roma. Yawansu ya ragu, amma bai ragu yadda aka sa rai ba. Da masu bincike suka duba dalili, sai suka tarar sababbi suna ta shigowa, waɗansu da ƙafarsu, waɗansu kuwa na gida ne da masu su suka gaji da su, suka kawo suka ajiye kusa da inda ake ba na titi abinci.