Tabar Wiwi da Hankalin Mai Bi

Ana gardama a duniya a kan tabar wiwi. Ƙasar Uruguwai ta halatta ta a shekara ta 2013, Kanada kuma a 2018, amma a Nijeriya doka ta hana. To, ina mai bi zai tsaya?

Ka sani, tsiron nan halittar Allah ne. Akwai irinsa wanda ba ya bugarwa. Da ɓawonsa ake tufka igiya kamar rama, a saƙa tufa, a yi takarda. Daga cikinsa kuma aka fitar da maganin wata irin farfaɗiya, wanda Amurka ta yarda da shi a 2018. Domin waɗannan sai mu gode wa Ubangiji.

Amma igiyar da ake jan ruwa da ita, da ita ake ɗaure mutum. Hayaƙin wiwi yakan dushe tunani, ya kashe zuciyar saurayi, har ya kai waɗansu ga taɓin hankali. Masu so a halatta ta suna cewa kurkuku ba ya warkar da mashayi. Akwai gaskiya a nan, gama mashayi ɗan'uwanmu ne, taimako yake bukata. Duk da haka, ko hukuma ta yarda, bauta ba ta zama 'yanci ba.

Hankalinka amana ce daga wurin Allah; da shi kake addu'a, da shi kake ciyar da iyalinka. Yesu Kristi ya fanshe ka, kada fa ka sayar da kanka ga ganye. In ya riga ya kama ka, je ka wurin dattawan ikkilisiya da likita tun yau.