Minti Biyar na Jaraba

Wata Lahadi bayan sujadar safe, wani ɗan'uwa ya tsaya a bakin majami'a har kowa ya watse, sa'an nan ya matso kusa da ni. Tela ne, magidanci, yana cikin ƙungiyar mawaƙa. Ya ce, "Baba Fasto, shekara 18 ke nan ina shan taba a ɓoye. Na yi azumi, na yi alkawari a gaban Ubangiji har sau uku, sau ukun kuma na karya. Ko bangaskiyata ce ba ta kai ba?"

Muka yi addu'a tare. Da muka gama na ce masa gobe da asuba ya zo mu taka da ƙafa zuwa bakin rafi, kuma duk sa'ad da sha'awar taba ta taso masa a shago, ya tashi daga kan keken ɗinki ya zaga layi da sauri. Sai na ga fuskarsa ta sauya. A ganinsa ya kawo mini damuwar ruhu, na sallame shi da shawarar malamin asibiti. Na san da yawa cikinku za su goyi bayansa, su ce wanda ya dogara ga Allah ba ya bukatar dabarar jiki.

Manzo Bulus bai raba su haka ba. Mutanen Korinti sun san wasannin Istmiya da ake yi kusa da birninsu kowace shekara 2, sun ga yadda masu tsere ke hana kansu abubuwa da yawa domin kambin ganye da zai bushe. Da su ya ba da misali a 1 Korintiyawa 9:24-27, har ya ce shi ma yana horon jikinsa. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita ga horon ɗan tsere tushenta ɗaya ne da wadda aka fassara kamun kai a Galatiyawa 5:23, cikin 'ya'yan Ruhu. Kyauta ce daga sama, amma a cikin jiki take nuna. Manomi ba shi ke saukar da ruwa ba, duk da haka wanda bai yi huɗa ba kada ya zargi damina.

Ya kamata kuma mu san abokin gaban. Nikotin da ke cikin taba yakan kai ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu bayan zuƙa, ƙwaƙwalwa ta saba da shi, ta riƙa nemansa kamar yunwa. Kwanakin farko bayan dainawa su ne mafi zafi: fushi, rashin barci, rashin natsuwa. Amma sha'awar ba ta zama a kan mutum yini guda. Takan taso kamar guguwa, ta yi 'yan mintoci, ta lafa, ta sake dawowa daga baya. Masu bincike sun ga cewa tafiya da sauri ta ɗan lokaci tana rage ƙarfinta. A 1 Timoti 4:8 Bulus ya ce amfanin motsa jiki kaɗan ne in an gwada shi da ibada. Gaskiya ne. To, mai fama da taba a wannan lokacin kaɗan ɗin yake nema: abin da zai haye da shi minti biyar ba tare da ya aiki yaro wurin mai tebur ba.

Ba na cewa tafiya tana warkar da kowa. Akwai waɗanda sai sun haɗa da taimakon likita, kuma babu kunya a ciki. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ma ya fara ganin likita kafin ya soma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, har da waɗanda hayaƙin wasu kawai suke shaƙa, wato mata da yaran gida. A nan mu shugabanni muna da laifi. Mun iya tsawatawa daga bagadi, har ɗan'uwa ya gwammace ya tauna goro ya ɓoye warin bakinsa shekara 18 da ya faɗa wa dattijo ɗaya.

Telan ya zo washegari, ba da son ransa ba. Muka yi ta fita cikin sanyin hunturu, wani lokaci da addu'a, wani lokaci shiru. A mako na biyar, ana sauran kwanaki kaɗan Kirsimeti, ɗinki ya yi masa yawa, wata mai kaya ta zage shi a gaban yaransa na shago, ya sha kara biyu a daren. Da asuba na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ya faɗa mini tun ban gama ɗaura takalmi ba, muka kama hanyar rafi.